Ƙanƙara, 'Yankara da Ankara: Kama da wane ba wane ba ne

A watan Disambar 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara a Jihar Katsina, sunan garin ya shiga jaridun duniya. Sai dai ya shiga ba tare da lanƙwasar harafinsa ba. An riƙa rubuta shi "Kankara", ta yadda harafi ɗaya tak ya raba shi da Ankara, babban birnin Turkiyya. A Ƙaramar Hukumar Faskari kuma ga garin 'Yankara, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Wanda ya jera sunayen nan uku a takarda zai iya ɗauka 'yan gida ɗaya ne, alhali kowanne da inda ya fito.

Irin wannan kamanni yana da daɗin hira, amma yana da ɓarna idan aka ɗauke shi hujja. A kansa ake gina labarin asalin gari ko ƙabila wanda ba shi da tushe, kuma shi ne yake jefa mai fassara da matafiyi cikin kuskure. Masana harshe sun daɗe da gano cewa kalmomin harsuna biyu suna yin kama ne ta ɗayan hanyoyi uku: ko dai gado ne daga tsohon harshe guda da ya haife su, ko aro ne da cuɗanya ta kawo, ko kuma arashi ne kawai. Kalmomin da ake ji kullum a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun isa a buga misalin kowace hanya da su.

Ankara uku, kowace da gidanta

Bahaushe ya san "ankara" iri uku. Ta farko aikatau ce ta cikin gida, wadda ake ji a "ban ankara ba sai ga shi a kaina", wato lura ko farga. Ta biyu sunan gari ne. Fataken Hausa da suka yi safarar goro zuwa Gwanja, sannan suka gangara har bakin teku, sun riƙa kiran birnin Accra na ƙasar Gana da sunan Ankara. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne daga wannan suna atamfar da ake ce wa "ankara" a faɗin Najeriya ta samo nata, domin ta kasuwannin can take biyowa. Ita kanta atamfar ba a Gana aka fara yin ta ba. Masana'antun Turai ne, musamman na Holan, suka kwaikwayi rinin kakin zuma na tsibirin Jaba da ke Indunisiya, suka sami kasuwarsa a Afirka ta Yamma.

Ta uku ita ce Ankara ta Turkiyya, wadda ta zama babban birnin ƙasar a 1923. Girkawan da sun san garin da sunan Ankira, kalmar da a harshensu take nufin ƙugiyar ƙarfe da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi. Turawa kuma sun daɗe suna ce masa Angora. Saboda haka atamfar ankara ba ta da wata alaƙa da Turkiyya, duk da cewa mai saye zai iya zaton haka daga jin sunan.

Ita ma "kankara" da aka tuɓe wa lanƙwasa tana da takwara a nesa. A tsibirin Okinawa na ƙasar Japan, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen da aka tsare a sansanoni sun riƙa harhaɗa abin kiɗansu mai tsirkiya uku da gwangwanayen abincin sojojin Amurka. Sunan wannan abin kiɗa "kankara sanshin", domin "kankara" gwangwani take nufi a can. Ƙanƙarar Bahaushe kuwa ita ce wadda take zubowa da ruwan sama ta kwantar da shuka, ko wadda ake sanyaya ruwa da ita.

Abin da rubutun boko yake ɓoyewa

Kafin a tsallaka zuwa wasu harsuna, ya kamata a lura cewa ruɗanin yana farawa ne tun daga gida. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun Hausa ne a shekarun 1930, zamanin Hukumar Talifi ta Zariya, wadda ta fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Yau kuma wayar hannu tana neman mayar da hannun agogo baya, domin masu rubutu da yawa sun daina sa su.

Idan aka cire lanƙwasa, "kara" guda za ta ɗauki nauyin kalmomi biyar: karan dawa, da karar da ake yi wa babba don kunya, da kara ta kasuwar dabbobi, da ƙara ta daɗi, da ƙarar da ake kaiwa gaban alƙali. 'Yankara da "k" marar lanƙwasa ake faɗinta, Ƙanƙara kuwa da "ƙ" har biyu. Kunnen ɗan yankin ba ya haɗa su, takarda ce kaɗai take haɗawa.

Sunan Faskari yana tuna wa mai ji aikatau "faskara", ita ma kuwa fuska biyu gare ta: akwai faskara ta itace da gatari, akwai faskara ta abin da ya gagara. Sunan Sabuwa a fili yake, tamatar "sabo" ce. Amma "sabo" na sabon abu daban yake da "sabo" na shaƙuwa, wanda aka ce turken wawa ne, kuma dukansu daban suke da "saɓo" na ƙetare umarnin Ubangiji. Jimlar "ya yi sabo da mahaifinsa" tana iya zama yabo ko zargi, gwargwadon ko an manta da lanƙwasa ko ba a manta ba.

Sarautun yankin ma ba su tsira ba. Hakimin Ƙanƙara shi ne Sarkin Pauwan Katsina, kuma sarautar ta samo sunanta ne daga Pauwa, tsohon gari a ƙasar Ƙanƙara. Da yake Hausa ba ta bambanta "p" da "f" a matsayin sautuka biyu masu zaman kansu, baƙo yakan ji kamar an ce Sarkin Fawa, shugaban mahauta. Hakimin Faskari kuma Sarkin Yamma ne, yamma ta mafaɗar rana, wadda rubutu bai raba ta da yamma ta bayan la'asar ba.

Arashi: haɗuwar da babu alkawari

Mafi yawan kalmomin da suke ba mutane mamaki arashi ne. Dalilin kuwa na lissafi ne. A duniya akwai harsuna kusan 7,000, kowanne da dubban kalmomi, amma sautukan da bakin ɗan Adam yake sarrafawa ƙalilan ne. Hausa da Japananci da Swahili da Sifaniyanci duk wasula biyar suke rubutawa, kuma dukansu suna son gaɓa mai baƙi da wasali. Idan aka yi ta harhaɗa gaɓoɓi biyu daga ɗan wannan jari, dole wata rana a yi karo.

Shi ya sa "goma" take lamba a Hausa, take nufin riɗi a Japananci, roba a Sifaniyanci, kuma ga birnin Goma a gabashin Kongo. "Kara" a Turkanci baƙi ce, a Japananci kuma wofi, wadda ita ce a farkon sunan wasan "karate", wato hannu wofi. "Gari" a Swahili mota ce, kuma Swahili ta aro ta ne daga harsunan Indiya. "Shida" a Swahili matsala ce, daga "shidda" ta Larabci mai nufin tsanani. Mutumin da ya kafa wasan judo a 1882 sunansa Jigoro Kano, kuma babu abin da ya haɗa zuriyarsa da Dutsen Dala.

Tsakanin Hausa da Turanci arashin ya fi yawa a ido, domin da zarar an furta kalmomin sai su rabu. Baƙaƙen da Bahaushe yake karantawa "mace" su ne Bature yake rubuta sunan sandan majalisa da su, irin wanda aka sace daga zauren Majalisar Dattawa a Abuja a watan Afrilun 2018. Haka "dare" da "take" da "sake" da "bare", duk suna cikin ƙamus ɗin Turanci da ma'anonin da ba su san Hausa ba.

Wani lokaci arashin yakan kai har ga ma'ana. A Farisanci "bad" tana nufin mummuna, daidai da "bad" ta Turanci, kuma bincike ya nuna kowace da tushenta. A harshen Mbabaram na 'yan asalin Ostareliya sunan kare "dog", kamar a Turanci, ba tare da an aro ba. Idan har irin wannan tana faruwa, to daidaituwar kalma ɗaya tsakanin harsuna biyu ba ta isa shaida ba.

"Baba" da "mama" kuwa nasu dalilin daban ne. Sautukan leɓɓa su ne jariri yake fara iyawa a ko'ina, iyaye kuma sukan yi saurin ɗaukarsu a matsayin kiransu. Shi ya sa "baba" take uba a Hausa da Yarabanci da Swahili da Turkanci. Amma a Rashanci tsohuwa ce, a harshen ƙasar Jojiya kuma "mama" ita ce uba.

Aro: kalmar da ta yi tafiya ta sauya hali

Hanya ta biyu ita ce aro, kuma a nan kamannin na gaskiya ne. Sabulun da ake sayarwa a kasuwar Sheme ta Faskari sunansa daga "sabun" ta Larabci yake, wadda Turkawa suke faɗa haka nan, Swahili kuma take ce wa "sabuni". Ita kanta "kasuwa" daga "suƙ" ta Larabci take, amma ta biyo ta Barno, inda Kanuri ya mayar da ita "kasugu" kafin ta iso ƙasar Hausa. Ta wannan hanya ce sarautu irin su Galadima da Yarima da Ciroma suka shigo. Raƙumi da takobi da takarda daga Buzaye aka same su. Agogo da ashana da akwati daga Yarabawa. Kawu da gwaggo da baffa kuwa daga Fulani, waɗanda suka daɗe da zama gida ɗaya da Hausawan kudancin Katsina.

Hatsarin aro shi ne kalma takan bar ma'anarta a hanya. "Fatila" a Larabci lagwani ce, amma a Hausa fitila ta zama abin hasken gaba ɗayansa. Kalmar Turanci da ta haifi "kanti" wurin cin abinci take nufi. "Bariki" masaukin soja ce a asali, sai Bahaushe ya faɗaɗa ta har ta zama sunan wata irin rayuwa da wani irin wayo.

Misalin da ya fi shafar alhazai shi ne "Harami". Hausa ba ta cika son kalma ta ƙare da baƙi ba, don haka ta ƙara wasali a ƙarshen "Haram", sunan alfarmar Masallacin Makka da kewayensa. Sai dai a Larabcin kasuwa, "harami" da aka ja wasalin tsakiyarta ɓarawo take nufi. Kalmomin biyu daga saiwa guda suke, wadda take ɗauke da ma'anar hani: ɗaya wuri ne da aka hana keta alfarmarsa, ɗaya kuma mai cin abin da aka hana. Maniyyacin da ya san wannan zai gwammace ya ce "Haram" idan yana tambayar Balarabe hanya.

Tsakanin Hausawa ma iyakar ƙasa ta haifar da irin haka. A Maraɗi da Damagaram, inda Faransanci ya yi tasiri, makaranta "lakwal" ce, malamin makarantar kuma "mushe", daga kalmar girmamawa ta Faransanci. Ɗan Sabuwa da ya ga wannan a rubuce zai tuna da dabbar da ta mutu ba yanka. A baki karin sautinsu ya bambanta, a takarda kuwa ɗaya suke.

Hausa ba karɓa kawai take yi ba, tana bayarwa. Zango, wanda har akwai gari mai wannan suna a ƙasar Ƙanƙara, shi ne ya zama "Zongo" a Kumasi da Accra, sunan unguwannin baƙi Musulmi da suka tashi daga masaukin fatake. "Sabo" ta Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, gajarcewar Sabon Gari ce. Wannan ita ce 'yar'uwar Sabuwa ta haƙiƙa. "Saba" ta Swahili mai nufin bakwai kuwa daga Larabci take, kuma danginta a Hausa ita ce "saba'in".

Gado: dangin da ba su cika kama ba

Hanya ta uku ita ce mafi zurfi, kuma ita ce mafi wuyar gani. Joseph Greenberg, masanin Amurka da ya yi bincike a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya fitar da rabe-raben harsunan Afirka a littafinsa na 1963. A ciki ya tabbatar da Hausa cikin rukunin harsunan Cadi, tare da irin su Bolanci da Bade da Angas, ya kuma nuna cewa rukunin reshe ne na babban gidan da ya haɗa Larabci da Ibrananci da tsohon harshen Masar da harsunan Amazig na Arewacin Afirka.

Shaidar wannan zumunci tana cikin kalmomin da ba a cika aro ba. Bakatsine yakan ce "halshe" inda Bakano yake cewa "harshe", kuma lafazin Katsina ya fi nuna dangantakar da "lisan" ta Larabci da "lashon" ta Ibrananci da "iles" ta Amazig. "Mutu" tana tafiya da "mata" da "maut" na Larabci. "Me" ta tambaya tana tafiya da "ma". Nahawu ma ya ba da tasa shaidar: "ta" ta mace a "ta zo" ita ce "t" da Larabci yake nuna mace da ita, kuma "ma" da ke farkon "mabuɗi" da "makaranta" ita ce a farkon "miftah" da "maktab".

"Suna" da "sunna" sun isa darasi. A ido kamar wa da ƙane suke. Amma "sunna" baƙuwa ce da ta zo da Musulunci, "suna" kuwa 'yar gado ce, kuma danginta a Larabci ita ce "ism" da ke cikin Bismilla, a Ibrananci kuma "shem". Dubban shekaru sun goge kamannin dangi na gaskiya, har bare ya fi su kama da juna.

Darasin kalmar boko

Babu kalmar Hausa da wannan ruɗani ya fi yi wa illa kamar "boko". Shekara da shekaru ana koyarwa cewa daga "book" ta Turanci take, kuma tun daga 2009, da rikicin Arewa maso Gabas ya kai ta bakin duniya, kafofin labarai suka yi ta maimaita haka. A 2013 Farfesa Paul Newman, wanda ya koyar a Kano kuma ya wallafa babban littafin nahawun Hausa a 2000, ya rubuta maƙala yana rushe wannan zato.

Hujjarsa ta farko ta ma'ana ce. Tsofaffin ƙamusoshi, irin na Bargery na 1934, sun nuna "boko" tana nufin algus da yaudara, abin da aka shirya don ya yi kama da na gaske. Har yau ana tuna amaryar boko, wadda ake sakawa a madadin amarya ta gaskiya lokacin kai ta ɗaki. Hujja ta biyu ta sauti ce. Kalmar Turanci ta mai dafa abinci, wadda take da wasali iri ɗaya da "book", ta zama "kuku" a Hausa. Da aro aka yi, da "buku" za a ji. Ga kuma "littafi" da Hausa ta riga ta mallaka tun kafin zuwan Turawa.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Idan daga "book" take, to suna ne kawai. Idan kuwa tsohuwar kalmar gida ce, to tana ɗauke da hukuncin da kakanni suka yanke wa makarantar Nasara a farkon zuwanta, cewa kwaikwayon karatu ce idan aka gwada ta da na allo. Mai son fahimtar dalilin da ya sa wasu iyaye suka daɗe suna ɗari-ɗari da makarantar zamani yana buƙatar sanin wannan tarihi, kuma asalin ƙarya da aka laƙaba wa kalmar ya rufe shi.

Yadda ake tantancewa

Wanda ya ci karo da kalmomi biyu masu kama yana iya yi musu tambayoyi kaɗan kafin ya yanke hukunci. Ta farko, a furta su da baki, a mayar da lanƙwasa da karin sauti da tsawon wasali, a ga ko kamannin zai tsaya. Ta biyu, a nemi tsohuwar ma'anar kowace a ƙamus da bakin dattawa, domin ma'anar yau takan ɓatar da sawu. Ta uku, a nemi hanya: a wace kasuwa, ko makaranta, ko barikin soja masu harsunan biyu suka haɗu? Akwai hanya tsakanin Katsina da Gwanja, akwai tsakanin Barno da Kano, amma babu tsakanin Ƙanƙara da Okinawa.

Ta huɗu ita ce ta tsari. Aro na gaskiya ba ya zuwa shi kaɗai, yakan zo da 'yan rakiya masu bin ƙa'ida ɗaya. "Al" ta Larabci ta maƙale a alƙali da alƙalami da albasa da allura, ta kuma gajarce a littafi da labari da lahira. Inda aka sami jeri irin wannan, an sami hujja.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna maganganun da ake yawan ji a majalisu da kafofin sada zumunta, irin su cewa sunan Hausa daga Habasha yake, ko Kano daga Kan'ana. Tarihin ƙaura yana da nasa shaidun, na rubuce-rubuce da na baka da na abubuwan da ake tonowa a ƙasa, kuma da su ake tabbatar da shi ko a kore shi. Kamannin suna shi kaɗai bai fi kamannin Ƙanƙara da Ankara nauyi ba.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu rubutu da Hausa, daga malaman firamare zuwa ma'aikatan ƙananan hukumomi da masu rubuta allunan kan hanya. Manhajojin rubutu na wayoyin zamani suna ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, sai dai a zaɓi Hausa a cikin jerin harsunansu. Yaron da ya tashi yana ganin sunan garinsu a rubuce "Ƙanƙara" a allon makaranta da takardar haihuwarsa ba zai buƙaci a yi masa dogon bayani ba kafin ya raba shi da babban birnin Turkiyya.